Gashin Ƙashi Kafin Komawa Motsa Jiki: Wurin Wa Ya Kamata a Je?

Wanda ya yi watanni bai motsa jiki ba, ko saboda jinya, ko haihuwa, ko zaman ofis, yakan ɗauka ƙarfinsa na nan inda ya bar shi. Numfashi kan daidaita cikin 'yan makonni, amma jijiyoyin da ke riƙe gaɓɓai, irin su agara, sun fi jinkirin sabawa da nauyi, shi ya sa mutum kan fara gudu da zafinsa, bayan mako biyu gwiwa ko diddige su kwantar da shi. A nan likitan gashin ƙashi, wato mai kula da gaɓɓai da tsoka ta hanyar atisaye, yake da amfani, kuma abin da ake biyan kuɗi dominsa shi ne bincike da tsarin atisaye mai hawa-hawa.

Sashen gashi na asibitin gwamnati, kamar na Asibitin Ƙashi na Dala ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko na Shika a Zariya, shi ne ya fi rahusa, ga likitan ƙashi da ɗakin hoto a kusa. Sai dai akwai layi, kuma ranar da aka ba ka ita za ka bi. Duk da haka, wanda aka yi wa tiyata, ko ya yi karaya, ko yake da hawan jini ko ciwon suga, a ganina nan ya kamata ya fara.

Asibiti mai zaman kansa ya fi tsada, amma kana zaɓar lokacinka, kuma yawanci mutum ɗaya ne zai riƙa ganinka har ka gama. A nan ne ake buƙatar lura sosai. Da farko ka nemi ganin lasisin likitan gashin na bana daga MRTB, hukumar da aka kafa a 1988 don yi wa masu wannan sana'a rajista a Nijeriya. Sannan ka kula da abin da zai faru a zaman farko. Ƙwararre zai tambaye ka tarihin ciwon da magungunan da kake sha, ya sa ka tashi daga kujera ba tare da ka dafa ba, ya sa ka tsaya da ƙafa ɗaya, wataƙila ma ya tambaye ka ko gwiwa na damunka a zaman tahiya ko wajen tasowa daga sujada. Idan kuwa kwantar da kai kawai aka yi, aka haska maka fitila mai zafi, aka ce ka biya kuɗin zama goma a dunƙule, to ɗumi ka saya. Ɗumi na rage raɗaɗi na ɗan lokaci, amma ba ya ƙara wa tsoka ƙarfi.

Kiran likitan gashi gida ya dace da dattawa da masu jego, kuma mace na iya neman a turo mata mace. Kuɗin mota zai hau kan kuɗin aiki. Rashin na'urori ba abin damuwa ba ne, domin kujera da matakala da robar talewa sun isa yawancin atisayen farko.

Mai horarwa a gidan motsa jiki lokacinsa na zuwa ne bayan an sallame ka, kuma ya kamata ka kai masa tsarin da aka rubuta maka. Mai tausa kuwa sauƙin gajiya yake bayarwa kawai.

Duk wanda ka zaɓa, ka tambaye shi zama nawa yake tsammani, da abin da za ka riƙa yi a gida tsakanin zama da zama, da yadda zai kai ka ga minti 150 a mako da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba manya shawara, tare da atisayen ƙarfafa tsoka kwana biyu. Tsamin jiki na kwana biyu ko uku bayan atisaye ba abin tsoro ba ne. Amma ciwon ƙirji, ko jiri, ko kumburin gaɓa, ko kumburin sha-raɓa ɗaya mai zafi, suna nufin a dakata nan take a ga likita.