Hattara da mai tallar Ford ta 1932 da ke cewa "motar marigayi babana ce"

Assalamu alaikum jama'a, musamman mu mazauna Amurka, da alhazan gida da kan aiko mana mu sayo musu mota. Na daɗe ina jan ƙafa a kan wannan rubutu, domin wanda abin ya faɗa wa ɗan'uwa ne na jini, kuma kunya ta hana shi buɗe baki. Shekaranjiya na sake cin karo da tallar, hotunan nan dai su ne, jiha kawai aka canza da lambar waya. Nan take na kira shi. Ya ce in faɗa wa mutane, amma kar in kama sunansa.

Ni bakanike ne a Columbus, jihar Ohio. A garin nan na kamu da ciwon tsofaffin motoci, don duk watan Yuli ana cika filin baje-koli da dubban motocin da suka girmi kakannin wasunmu. Abin da Amurkawa ke kira hotrod shi ne a ɗauki mota ta kafin Yaƙin Duniya na Biyu, a rage mata nauyi, a sauke ta ƙasa, a ƙara wa injin ƙarfi. Samarin Kalifoniya ne suka fara, suna tsere a busassun tafkuna irin su Muroc da El Mirage, har suka kafa ƙungiyarsu ta SCTA a 1937. A watan Fabrairun 1942 aka tsayar da ƙera motocin farar hula saboda yaƙi, shi ya sa duk abin da aka yi kafin nan yake da daraja ta daban. Sarauniyarsu kuwa ita ce Ford ta 1932. A shekarar ce Henry Ford ya sa injin V8 a motar da talaka zai iya saye, silinda takwas, ƙarfin doki 65, wanda ake kira Flathead saboda kansa a shafe yake, bawul ɗin duk suna cikin bulo. Shekara ɗaya tak aka yi wannan siffar, kuma cikin matsin tattalin arziki, don haka ba ta da yawa. Masu harkar kan yi ba'a su ce Ford 1932 da ke yawo a titi yau sun fi waɗanda kamfanin ya ƙera yawa. A cikin ba'ar nan 'yan damfara suke cin abincinsu.

Ga yadda tallar take. Baƙar kuf ce, wato ƙaramar mota mai ƙofa biyu da gajeren rufi, mai taga uku, an rage tsayin rufinta da inci uku, kafireta biyu Stromberg 97, jajayen ƙafafu da farin gefen taya. An rubuta cewa ƙarfen Ford ne na asali, injin ma nata ne tun daga masana'anta. Kuɗi dala 24,000. Duk wanda ya taɓa tsayawa a wurin gwanjon irin waɗannan motoci ya san wannan bai kai rabin abin da ta gaske take yi ba. Ɗan'uwan nawa ma ya sani. Sanin ne ya sa zuciyarsa ta buga, ya ga kamar tsuntsu daga sama gasasshe. Kuma ya ɓoye mini don yana so ranar da ta iso ya tuƙo ta ƙofar garejina ya danna oda, ya ga yadda fuskata za ta yi.

Mai tallar bai taɓa yarda su yi magana ta bidiyo ba. Ya ce yana aiki a rijiyar mai a tsakiyar teku, sabis ba kyau. Motar ta mahaifinsa ce da ya rasu bara, ganinta yana tayar wa mahaifiyarsa da hankali, shi ya sa yake son rabuwa da ita da wuri, kuɗi ba shi ne damuwarsa ba, yana son wanda zai riƙe ta da amana ne. Ya ce tuni ya miƙa ta ga wani kamfanin dakon motoci a Montana, su za su riƙe kuɗin, su kawo ta har gida, in ba ta yi ba cikin kwana biyar a mayar da ita kyauta. Kamfanin yana da shafin intanet mai kyan gani, da hoton tireloli, da wata mata mai ɗaga waya da ladabi. Ɗan'uwana ya tura dala 6,000 ta banki a matsayin kafin alƙalami. Bayan kwana uku suka ce tirela ta tsaya a hanya, sai an biya inshorar dala 2,800 wadda za a dawo masa da ita. Ya biya. Sai da suka ce ragowar ya sayo katunan kyauta na kanti ya karanto musu lambobin, sannan jikinsa ya yi sanyi, ya zo wurina da daddare da wayarsa a hannu.

Wallahi minti goma bai cika ba na ga ramin. Ba wai na fi shi wayo ba ne, a'a, ni dai ba ni ne motar ta shiga wa rai ba.

Na farko, sun aiko masa da lambar shasi mai harafi da lamba 17, har da "rahoton tarihin mota" mai tambari. Mu da muka saba sayen Camry da Highlander a gwanjo, wannan shi ne abin da ke kwantar mana da hankali, kuma sun san haka. To amma tsarin lamba 17 a 1981 ya fara aiki. Motar 1932 ba ta da shi, kuma kamfanonin da ke fitar da rahoton tarihin mota ba sa komawa baya da wannan shekara. Lambar Ford V8 ta 1932 gajeriya ce, tana farawa da 18, da alamar tauraro a farko da ƙarshe, kuma buga ta aka yi a jikin ƙarfen shasi ta hannun direba, a saman dogon ƙarfen, kusa da akwatin sitiyari, sannan aka maimaita ta a baya inda bodi ya rufe. Ana kuma samunta a saman akwatin giya in har na asalin ne. Duk wanda ya turo maka rahoton tarihi na motar kafin yaƙi, a kwamfutarsa ya haɗa shi.

Na biyu, na buɗe hoton injin na ƙirga notocin kai. 24 ne a kowane gefe. Injin 1932 notoci 21 gare shi, sai a 1938 aka koma 24. Famfunan ruwansa kuma a jikin kan inji suke, na hoton kuwa a bulo suke, irin na 1937 zuwa gaba. Kar a fahimce ni baibai, sa injin baya-baya a cikin 1932 ba aibi ba ne, tun zamanin tseren tafkuna ake yi, wasu injin motar Mercury, wanda ya fi girma, suke nema. Ƙaryar ita ce cewa na asali ne.

Na uku shi ya ba ni dariya duk da ɓacin rai. Kuf mai taga uku ta 1932 ƙofarta daga gefen baya aka kafe ta, daga gefen gaba take buɗewa. Mai taga biyar ce ke buɗewa irin ta motocin yanzu. A hotunan waje ƙofar irin ta farko ce, a hoton kujeru kuma irin ta biyu. Motoci biyu suka haɗa suka yi talla ɗaya. Da muka sa hoton a manhajar binciken hoto, sai ga shi a shafin wani gwanjo na shekarun baya, an sayar da motar tuni, da kuɗin da ya ninka nasu. Shafin kamfanin dakon kuma watansa biyu da buɗewa, adireshinsa filin ajiye motoci ne na wani kanti.

Washegari da sassafe muka je banki, muka shigar da ƙara a shafin IC3 na hukumar FBI, muka sanar da 'yan sanda. Kuɗin da aka tura ta waya tsakanin bankuna in ya kwana biyu da wuya a dawo da shi, kuma nasa ya yi mako. Har yau ko sisi. Bayan wata ɗaya wani ya rubuto masa wai shi lauya ne mai ƙwato kuɗin waɗanda aka damfara, a ba shi dala 900 na buɗe fayil. Ya san adadin da aka ci, ya san ranar. Su ne dai suka sake hula.

Akwai kashi na biyu, wanda ni a ganina ya fi haɗari, domin a nan motar tana nan, za ka taɓa ta da hannunka. Da zafin abin ya ɗan lafa, wani alhaji daga gida da ke tara motoci ya turo mini wata tallar a wata jiha maƙwabciyarmu, ya ce don Allah Malam ka je ka gano mini. Na tuƙa awa huɗu. Mota ce kyakkyawa, ba ƙarya, fenti kamar ka lasa. Mai ita dattijo ne mai fara'a, ya fito da takardar mallaka mai ɗauke da "1932 Ford". Na zaro ɗan maganaɗisun da nake yawo da shi, na naɗe shi a hankici don kar ya karce fenti, na ɗora a ƙofa. Ya zame ya faɗi. Na ɗora a rufi, na ɗora a bayan but, haka. Faiba ce, wato roba mai zaren gilashi ba ƙarfe ba, daga sama har ƙasa. Na leƙa ta cikin but na ga zaren gilashin nan a fili. Na kwanta ƙarƙashi, shasin sabo ne fil, lambar kuwa a kan ɗan faranti take da aka kafe da ƙusa. Na tambaye shi ina ya samo takardar. Ya ce tare da wata ruɓaɓɓiyar mota ya saye ta a wata gona. Ma'ana ya sayi takarda, ya buga lambarta a kan motar da aka haɗa jiya. Ko kunya bai ji ba, wai kowa haka yake yi.

Ni ba na raina faiba. Akwai kamfanoni na halal da ke yin bodin faiba, akwai kuma irin Brookville Roadster a nan Ohio da ke buga sabon bodin 1932 da ƙarfe, aikinsu kuwa sai wanda ya gani. Motocin Willys na 1941 da kake gani a baje-koli galibinsu faiba ne, masu su ba sa ɓoyewa. Jihohi suna da hanyar yi wa motar da aka haɗa rajista, su ba ta lamba tasu. Wannan kuma ya nuna maganaɗisu kaɗai ba ya isa, tunda sabon ƙarfe ma yana kamawa. Tsohon bodi yana da tarihi a jikinsa: tabon walda a gindin ƙofa inda tsatsa ta ci aka yi faci, katako a cikin gini, ramin tsakiyar rufi da aka rufe da yadi tun asali, domin Ford ba ta yi rufin ƙarfe zalla ba sai a 1937. In an cike ramin da ƙarfe, za ka ga ɗinkin ta ciki. Inda maganaɗisu ya kama da rauni kuma, foti ne aka lafta. Matsalar ita ce a sayar maka da sabuwa a kuɗin tsohuwa, da lambar da ba tata ba. Ranar da jami'i ya duba ya ga lamba ta saɓa, motar za a riƙe, kuma kai da ke riƙe da ita za a fara tambaya.

Alhazai na gida, wannan ya fi shafar ku. Kwastam na Amurka ba ya barin mota ta fita sai an gabatar da takardar mallaka ta asali aƙalla awa 72 kafin a loda ta, kuma suna iya gwada lambar da ke takarda da ta jikin mota. Wasu jihohin ma ba sa ba tsofaffin motoci takardar mallaka, New York alal misali rajista mai canjin suna take ba motocin 1972 zuwa baya, don haka rashin takardar kaɗai ba shaidar sata ba ce, sai dai a san dokar jihar kafin a biya. A can gida kuma akwai dokar shekarun motar da ake shigowa da ita. Ku zauna da wanda ke fito muku da kaya daga tashar ruwa ku ji matsayin irin wannan mota tun kafin dala ɗaya ta bar hannunku. Na faɗa wa alhajin haka, ya ce to in samo masa wata. Na ce sai na gan ta ido da ido, na kwanta ƙarƙashinta.

Ni kaina ban mallaki 1932 ba, kuma ban sa rai ba. Tawa Ford Tudor ce ta 1940, salun mai ƙofa biyu, shekara huɗu ina lallaɓa ta. Tana da birkin mai, wanda Ford ta fara sawa a 1939, giyarta a jikin sitiyari, yara uku suna zama a baya ba faɗa. Salun ɗin Ford da Chevrolet da Plymouth na ƙarshen shekarun 1930 ba su da tsadar kuf, kuma ba a cika yin na jabu ba. Wanda ke son shiga harkar nan ya fara daga nan, ya je kasuwar Hershey a Pennsylvania a watan Oktoba, ko taron tsofaffin motoci na Louisville a jihar Kentucky a watan Agusta, ya yi kwana biyu yana taɓa ƙarfe yana sauraren tsofaffi.

In kuma ka dage sai ta intanet, ka ce mai motar ya kira ka ta bidiyo yana tsaye a gabanta, ya rubuta sunanka da kwanan wata a takarda ya ɗora a gilas, ya haska maka lambar da ke jikin shasi, ya tayar da inji kana ji. Sannan ka biya wani ya je ya gani. Dala ɗari uku ko huɗu da za ka ba mai dubawa da kuɗin mansa ba su kai 8,800 ba.

Tallar da nake magana yanzu tana cewa motar a Idaho take, kuɗin ya sauka zuwa 21,500, marigayin kuma ya tashi daga uba ya koma miji, mace ce ke rubutowa. Baƙar kuf, jajayen ƙafafu, akwai jan gidan gona a bayanta da tsohon famfon mai a hannun hagu. Na kai rahotonta sau biyu an sauke, ta sake fitowa. Wanda ya riga ya tura musu wani abu, ya kira bankinsa yau ɗin nan, kar ya bari sai Litinin. Wanda kuma ke Ohio ko kusa da ita yake son a duba masa mota, ya yi mini magana ta akwatin saƙo, ranar Asabar ba na buɗe gareji.