Gidan Abincin da Ba a Yanka Dabba Dominsa

A cikin birnin Kano akwai wani ƙaramin gidan abinci da ba a shigar da nama, kifi, ƙwai, nono ko man shanu cikin tukunyarsa, kuma ina ganin ya cancanci a san da shi. Awararsu ce ta fi komai. Da ruwan tsami suke haɗa ta, su danne ta sosai har ruwan ya tsane, sannan su soya ba tare da tsoma ta a ƙwai ba, ta fito da ƙarfi a waje da laushi a ciki, a kawo ta da kabeji da albasa da yaji. Miyar kukarsu daddawa ce ke riƙe da ita, babu ƙashi ko ɗaya, amma ba ta yi lami ba. Ɗanwaken kuwa kanwa ta ɗan yi masa yawa, kuma akan jira kafin a sallami mutum.

Dalilina na yaba wurin ya wuce ɗanɗano. Duk wanda ya taɓa ganin kaji a ɗaure ƙafafu sama a bayan babur, ko shanun da ake lodawa a tirela daga kasuwar Wudil ko Potiskum zuwa Legas, an tanƙware musu wuya cikin rana da ƙishirwa, ya san dabba tana jin zafi da tsoro, kuma tana son ranta. Ƙwan ma da muke ɗauka ba ruwansa da yanka yana da nasa nauyin, domin a manyan kamfanonin ƙyanƙyasa na duniya ana kashe 'yan tsaki maza da zarar sun fito, tunda ba za su yi ƙwai ba. Sai a 2022 Jamus ta haramta hakan. Wannan tunani ne ya sa Donald Watson da abokansa suka kafa ƙungiyar masu guje wa duk abin da ya fito daga dabba a Ingila a 1944.

Ba na haramta abin da Allah ya halatta, haka ma masu gidan. Sai dai halacci bai tilasta ci ba, kuma hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare ya isa shaida cewa dabba tana da haƙƙi a kanmu. Idan waken suya da gyaɗa da zogale za su ƙosar da ni, ban ga hujjar da zan ba kaina ta sa a wahalar da wata halitta domina ba.

Abu ɗaya nake so su ƙara, wato su riƙa sanar da masu niyyar barin duk abin da ya fito daga dabba cewa za su buƙaci ƙarin bitamin B12, saboda wake da ganye ba sa samar da shi.