Atamfa a kai tela ko gwanjo? Amsa ga Maman Ummi

Maman Ummi kin ce kuɗin hannunki ba yawa, yara 3 ga sallah ta matso, wai ki shiga kasuwar Kantin Kwari ta Kano ki yanko atamfa a ɗinka ko ki nufi Ƙofar Wambai ki ɗebo gwanjo, kuma kina tsoron kar tukunya ta tashi ba komai. To ni duka biyun na taɓa, bari in faɗa miki abin da na gani.

Atamfa dai atamfa ce wallahi. Turmi ɗaya yadi 6 ne, in kika samu tela mai tsoron Allah zai fitar miki da riga da zani da ɗankwali, wani lokacin har ya rage ƙyallen da za a yi wa ƙaramar yarinya 'yar riga. Kuma a Kantin Kwari ba dole sai mai tsada ba, ki ratsa layukan ciki kar ki tsaya a bakin titi, akwai masu sauƙi masu kyan zane, ki dai murza bakin ki ji ko sitati ne ya riƙe ta don wata wanki ɗaya take zuba. Amma matsalar ba a Kwari take ba, a shagon tela take. Azumi ya wuce goma ki kai ɗinki? Kuɗi ya hau, ga gobe ki dawo jibi ki dawo, babu wuta, inji ya lalace. Bara ni da kaina daren sallah ina zaune kan benci a shagon wani tela har wajen ƙarfe 1, rigar ɗiyata ko hannu ba a saka ba, yarinya na gida ta ƙi barci tana jira, ranar har hawaye na yi.

Gwanjo kuwa abin da kika gani shi kika saya, ba jiran kowa. Ki yi sammako ki tambayi ranar da ake fasa sabuwar dila, zaɓen farko shi ne kaya, ki duba wuya da hammata da zif. A wanke da omo a shanya a rana sosai, a goge a turara da turaren wuta, wallahi ba mai cewa ba daga kanti suka fito ba. Inda ya gaza shi ne ke babba da wuya ki samu abin shiga dangi da shi, sannan namijin yaro zai so yadinsa da hula ranar idi kamar na abokansa.

Da ni ce: ke turmi ɗaya mai sauƙi ki kai yau ɗin nan, yara kala ɗaya ɗinkakke na zuwa idi, na yawon sallah da kallon hawan Daushe duk gwanjo, ai ƙura za su kwaso dama.

Ragowar ki zuba a tukunya dan Allah. Shinkafar tuwo, kabewa da alayyahu da yakuwa daga kasuwar 'Yan Kaba, gyaɗar miya, naman da ya sawwaƙa ko ƙashi ne ya ba da ɗanɗano. Fulawa da sukari ku haɗa kuɗi da maƙwabciya ku sayo a kasuwar Singa ku raba, cincin roba ɗaya ya ishi baƙi. Ni har yanzu ba abin da ke sa ni cewa Alhamdulillah daga ƙasan zuciya kamar a dawo daga idi a buɗe kula, tururin tuwon shinkafa ya bugi fuska, taushe ta yi kauri man ja ya taso a kai, yara na rigimar wa zai kai kwanon gidan Baba Tsohuwa saboda sun san za ta ba su goron sallah. Bara da na ga waina ta tashi da kyau a tanda bayan wata guda ana azumi cikin zafin nan, sai da na tsaya na yi hamdala kafin in juya ta farko.

In za ki shiga Wambai ranar Asabar ki yi min magana mu tafi tare, akwai layin kayan yara da nake zuwa.