Fom a taga mai ɓullowa: wace hanya za ka bi?

In kana son fom ɗin rajista ko na oda ya ɓullo a tsakiyar shafinka idan an danna maɓalli, hanyoyi uku ne a gabanka. Kafin ka zaɓa, ka tuna yawancin masu shigo maka da waya suke zuwa, datarsu kuma a ƙirge take.

Ni dai na fi son alamar dialog ta HTML, wato tagar da burauza ke zuwa da ita. Chrome ya daɗe da ita, Firefox da Safari suka karɓe ta a Maris 2022. Ba ka sauke komai, ba ka biyan ko sisi. Ka buɗe ta da showModal(), sai ta rufe bayan shafin ta yadda ba a taɓa shi, maɓallin Esc kuma ya rufe tagar. Duhun bayanta da ::backdrop ake gyara shi. Sharaɗinta shi ne ka iya ɗan CSS da JavaScript, domin tana zuwa ne babu ado ko kaɗan.

Bootstrap, kundin CSS da JavaScript na tsara shafi, yana da tasa tagar da fom masu tsari, kuma tun fitowa ta 5 a 2021 ya rabu da jQuery, ɗakin karatun JavaScript da yake dogaro da shi a da. Idan da ma a kansa ka gina shafin, yi amfani da ita. Amma ɗauko shi gaba ɗaya saboda taga guda, hayar tirela ce don buhun gero ɗaya.

Masu WordPress kuwa, ƙari (plugin) biyu, Contact Form 7 na fom da Popup Maker na taga, kyauta ne, kuma suna aiki tare, sai dai fom ɗin kamannin jigon shafinka yake ɗauka, dole ka zauna ka gyara. Tagar Elementor, wani ƙarin na gina shafi, ta fi sauƙin tsarawa, amma tana cikin na kuɗi, ana sabuntawa duk shekara da dala. Kowane ƙari kuma nauyi ne a kan shafin.

Duk wadda ka ɗauka, gwada ta a ƙaramar waya kafin ka saki. Danna gurbin suna, allon rubutu ya taso, ka duba: maɓallin aikawa yana nan ko ya nutse? Alamar rufewa fa, babban yatsa zai same ta? Rubutun cikin gurbi kada ya gaza 16px, in ba haka ba iPhone zai zuƙo shafin da kansa. Gurbin lambar waya ka sa masa type="tel" don lambobi su fito. Sunan kowane gurbi ya zauna a samansa, kada ya ɓace da an fara rubutu.

Kada tagar ta faɗo da kanta mutum yana shigowa. Tun Janairun 2017 Google ke rage darajar shafukan waya masu rufe wa mai karatu abin da ya zo nema. Masu Opera Mini kuma, musamman a yanayin tsimin data, tagar na iya ƙin buɗe musu, don haka ka ajiye fom ɗin a shafinsa na daban, maɓallin ya kai su can.