Kifin bas ko kifin tirawut: wanne ya fi dacewa da mai kwalekwale a kogunan Ozark cikin watan Afrilu?

Wani ɗan'uwa a wannan zaure, wanda aiki ya kai shi jihar Missouri ta Amurka, ya ce ya taso yana jefa fatsa a bakin kogin Kwara a Yauri, yanzu kuma yana son ya ɗauki hayar kwalekwale shi da ɗansa mai shekara 12 a watan Afrilu. Abokan aikinsa sun rabu biyu: wasu sun ce ya tafi saman kogin Current ya nemi kifin tirawut, wasu sun ce ya nufi kogin Jacks Fork ya nemi bas mai ƙaramin baki. Yana tambaya wanne ya fi.

Malam, kafin a kai ga kifin sai an fara da ruwan, domin a ƙasar Ozark, yankin tuddai da ya mamaye kudancin Missouri, sanyin ruwa ne ke raba wa kowane kifi mazauninsa. Duwatsun yankin cike suke da ramuka da kogwanni, ruwan sama yana nutsewa ya yi doguwar tafiya a ƙarƙashin ƙasa, sannan ya ɓullo a manyan idanun ruwa, kuma sanyinsa ba ya nisa da digiri 14 a ma'aunin Selshiyas, ko ana zubar ƙanƙara ko ana tsananin zafi. Kogunan nan biyu suna cikin yanki guda da gwamnatin tarayya ta keɓe a 1964 domin kare su, tsawon kusan kilomita 215, kuma Jacks Fork reshe ne da ke zuba a cikin Current a ƙasa da garin Eminence. Bambancinsu shi ne Current tun daga tushensa a Montauk ruwan ido ne, ga kuma idon Welch da ke ƙara masa yawa kafin mashigar jiragen ruwa ta Akers, shi kuwa saman Jacks Fork ya fi dogara da ruwan sama har sai ya iso idon Alley. Saboda haka na farko yana da sanyi da yawan ruwa duk shekara, na biyu kuma yana ɗumi da sauri, yana cika yana janyewa gwargwadon abin da sama ta zubar.

Tirawut baƙo ne a Missouri. Kawo shi aka yi, kuma yawancin wanda za ka kama a Current an ƙyanƙyashe shi ne a gidan kiwon kifi aka zuba a kogi, bai iya zama sai inda ido ya sanyaya ruwa, domin da zarar ɗumi ya haura digiri 20 yakan shiga wahala. Bas mai ƙaramin baki kuwa ɗan gida ne, a nan aka haife shi a cikin tsakuwa. Launinsa na tagulla ne da ratsi-ratsi a tsaye, idonsa ja, kuma ana bambanta shi da ɗan'uwansa mai babban baki da cewa muƙamuƙinsa na sama bai wuce bayan ido ba. Mafi girma da aka taɓa kamawa a duniya ya kai kilo 5.4, a tafkin Dale Hollow a 1955, amma a kogin Ozark wanda ya kai kilo ɗaya babban kamu ne. Kada ƙanƙantarsa ta sa ka raina shi: idan ya ji ƙugiya yakan yi tsalle sama da ruwa, ya nutse ya nufi ƙarƙashin dutse, har sandar fatsa ta lanƙwashe. Wanda ya taɓa fama da tsage a Kwara zai gane irin wannan zafin rai, sai dai bas ba shi da waɗancan haƙora.

Inda na fi son ka tsaya ka yi tunani shi ne batun doka, domin a nan ne ɗabi'armu da tasu suka sha bamban. Mu mun saba wanda ya fita su ya dawo da abin miya. A kogunan Ozark na Missouri, daga 1 ga Maris har zuwa Asabar ta huɗu ta watan Mayu, an yarda ka kama bas amma dole ka mayar da shi ruwa nan take. Dalilin a fili yake ga duk wanda ya leƙa ruwan a wannan lokaci. Idan ɗumin kogi ya kai wajen digiri 15 zuwa 18, namijin bas yakan share tsakuwa da jelarsa ya yi gurbi kamar faranti, mace ta zuba ƙwai ta yi gaba, shi kuma ya tsaya yana gadi har ƙwan ya ƙyanƙyashe 'ya'yan su ɗan tasa. Idan aka ɗauke shi, ƙananan kifaye sukan afka wa gurbin su cinye abin da ke ciki. Ga shi kuma kifi ne mai jinkirin girma a waɗannan koguna, yakan kwashe shekara huɗu zuwa biyar kafin ya kai inci 12, wanda shi ne mafi ƙarancin tsawon da doka ta yarda a riƙe bayan an buɗe lokaci. A sashen Jacks Fork da ke ƙasa da gadar babbar hanya mai lamba 17 dokar ta ma fi tsanani: ɗaya tak a rana, kuma sai ya kai inci 15. Ni a ganina ko da doka ta ba ka damar jefa masa ƙugiya, idan ka hango namiji yana tsaye a kan gurbinsa ka wuce shi, ka nuna wa yaron kawai, domin abin kallo ne da ba zai manta ba.

Tirawut kuwa ana iya kai shi gida a watan Afrilu, amma ya danganta da inda ka kama shi. A kogin Current, daga ƙarshen gandun Montauk zuwa mashigar Cedar Grove ɗaya ake yarda a riƙe, sai ya kai inci 18, kuma an hana tana da duk wani abincin fatsa na halitta, har da na roba mai laushi. Cikin abin da aka yarda da shi akwai ƙugiyar da aka naɗa wa gashi ta yi kama da ƙwaro, ko ɗan ƙarfe mai juyawa yana walƙiya. Daga Cedar Grove zuwa ƙasa dokar ta sassauta, ana iya riƙe har huɗu a rana kuma an yarda da tana. Ban da lasisin kamun kifi na jiha, riƙe tirawut yana buƙatar takardar izini ta daban, duka biyun kuma hukumar kula da namun daji da kifaye ta Missouri ke bayarwa. Ka karanta ƙa'idojin bana a shafinta kafin ka fita, domin akan sake su.

Yadda ake neman su daga cikin kwalekwale ma ba ɗaya ba ne. Tirawut yana da tsoro, ruwan Current kuma garau yake har kana ƙirga tsakuwar ƙasa, don haka masu nemansa sukan mai da kwalekwale abin sufuri kawai: su ja shi kan tudun tsakuwa, su shiga ruwa da ƙafa, su jefa zare siriri a hankali. Bas ya fi dacewa da mai tafiya. Babban abincinsa wata halitta ce mai kama da jatan lande da hannuwan cizo irin na ƙaguwa, wadda ke ɓuya a ƙarƙashin duwatsu, saboda haka kwaikwayonta na roba mai launin ƙasa, a jefa shi inda ruwa mai gudu ya faɗa cikin gurbi mai zurfi, ko gefen babban dutse, ko jikin saiwar itacen da ya faɗi, a bar shi ya nutse a riƙa jansa kaɗan-kaɗan, ya isa. Na baya ya riƙe filafili ya daidaita jirgi, na gaba ya yi jifa, wanda ke nufin ɗanka ne zai fi kamu. A wuraren nan kuma akan samu wani ɗan kifi mai manyan jajayen idanu da mutanen yankin ke kira goggle-eye, ba shi da wuyar kamu, namansa fari ne mai daɗi.

Akwai wani abu da ke rikita baƙi. Da sanyin hunturu bas yakan taru kusa da manyan idanu, domin a lokacin ruwan ido ya fi na kogi ɗumi, sai yanayi ya sassauta ya bazu. A farkon Afrilu, in sanyi ya daɗe, zai yiwu ka same shi bai gama warwatsuwa ba kuma yana nawa, a ƙarshen watan kuwa ya farka.

Batun lafiyar tafiya shi ne ya fi nauyi a wurina, tun da akwai yaro. Saman Jacks Fork kwazazzabo ne tsakanin dogayen duwatsu, shi ya sa ya fi kyau, shi ya sa kuma ya fi haɗari. Daga mashigar Buck Hollow zuwa Alley kusan kilomita 40 ne, tafiyar kwana biyu zuwa uku ga mai tsayawa su, kuma galibi sai a irin wannan lokaci na shekara ake samun ruwan da zai ɗauki jirgi. Amma ruwan sama na dare ɗaya yana iya ɗaga kogin fiye da tsayin mutum, kuma a ƙarshen Afrilun 2017 an yi ambaliyar da ta wuce duk wadda aka taɓa aunawa a garin Van Buren da ke bakin Current. Abin da ya fi kifar da kwalekwale shi ne itacen da ya faɗi a kan kwana, ruwa yana ratsa rassansa yana danna jirgi a jikinsa. In ka hango irinsa, ku sauka ku ja jirgin ta kan tsakuwa. Daga Cedar Grove zuwa Akers a kogin Current kuwa kimanin kilomita 12 ne, tafiyar wuni guda, ruwan ya fi tabbata, kuma masu ba da haya suna kai mutum su ɗauko shi. Sai dai sanyinsa ba wasa ba ne ga wanda ya faɗa, don haka rigar ceto ta kasance a jikinku ba a ƙasan jirgi ba, da kayan sauyawa a jakar da ruwa ba ya shiga. An hana kwalaben gilashi a kan kogin.

Shawarata, Malam, ka yi fitar farko daga Cedar Grove zuwa Akers a tsakiyar mako, ku koyi sarrafa jirgin tare, ku koma gida da tirawut biyu ko uku na miya. Idan hannunku ya faɗa, ka duba ma'aunin ruwa na hukumar binciken ƙasa ta Amurka a intanet, ka tambayi mai ba da haya, in kogi ya lafa kuma ba a hasashen hadari ku ɗauki gajeren sashe na Jacks Fork daga mashigar Bay Creek zuwa Alley a ƙarshen Afrilu ko farkon Mayu. Ka matse ƙayar ƙugiyar da filaya domin ta fita da sauƙi, ka jiƙa hannu kafin ka taɓa kifin, kuma ka bar yaron ya sake bas ɗinsa na farko da kansa.