Wankin ƙarƙashin a-kori-kura da maganin tsatsa: me ya cancanci kuɗinka a Jidda?

Mai a-kori-kura a Riyad yana iya yin shekaru bai leƙa ƙarƙashin motarsa ba, kuma ya tarar da ita garau, domin iskar can busasshiya ce. A Jidda da Rabig da Yanbu da Jizan, garuruwan bakin Bahar Maliya, ba haka zancen yake ba. Ruwan Bahar Maliya na ɗauke da gishiri kusan giram 40 a kowace lita, ya fi na yawancin tekuna da ke tsayawa wajen giram 35, kuma iska na kwaso shi ta zuba a kan duk wani ƙarfe. Gishiri kuwa da zarar danshin iska ya kai kashi 75 cikin ɗari sai ya fara jan ruwa da kansa ya narke. Ke nan ko ɗigon ruwan sama ba a yi ba, shasin motarka na iya kwana a jiƙe, zafi kuma ya ƙara wa tsatsa sauri.

'Yan'uwanmu da ke neman abinci da Hilux ko D-Max ko tsohuwar Datsun sun fi kowa shiga wannan hali. Mai ɗauko kifi daga Bangala, babbar kasuwar kifi ta Jidda, ruwan ƙanƙara da na kifi na bin ɓulolin bodi yana ɗiga kai tsaye a kan shasi da sifirin. Mai jigilar tumaki lokacin layya, fitsarin dabba ne ke yi masa wannan aikin. Haka mai dakon taki da siminti.

Kafin ka biya ko riyal ɗaya a kan feshi, sa a ɗaga motar ka shiga ƙarƙashi da tocila da sukundireba. Abin da ka gani a nan shi zai zaɓa maka abin saye, kada ka bar wa mai shago zaɓin. Sauke safaya ka duba gadar ƙarfen da ke samanta, nan taɓo ke kwanciya ba mai gani. Duba inda aka ɗaure sifirin, da bututun birki da suka bi jikin shasi, da saman tankin mai. Tsatsa ja-ja da ke fita idan ka goga da yatsa ba abin tashin hankali ba ce. Wadda ta kumbura tana ɓarewa falle-falle ta riga ta fara cin kaurin ƙarfe. Idan ka ƙwanƙwasa sukundireba ya lotsa wurin ko ya huda, bar zancen feshi, aikin mai walda ne, kuma masu fahas, wato binciken lafiyar mota na shekara-shekara, za su gani idan suka duba ƙasan motar.

Wanki shi ne na farko, kuma shi ya fi araha. Wankin inji mai feso ruwa daga ƙasa yayin da mota ke wucewa yana da sauri, yana ɗauraye gishirin da ke fili, amma ba ya shiga lungu. Magsala, wato wurin wankin mota, mai ɗaga mota sama ita na fi so, in dai za ka tsaya a kan aikin. Shasin waɗannan motoci rufaffen ƙarfe ne mai rami a ciki, da ƙananan ɓuloli a ƙasa don ruwa ya tsiyaye. Rairayi na toshe su, ya sha ruwan gishiri, ya zauna a ciki wata da watanni. Shi ya sa za ka ga shasi baƙi sumul daga waje alhali ya ruɓe daga ciki. Ce wa mai wankin ya zura bakin tiyo ta ɓular gefe. Da fari ruwa zai fito ja da laka da ɓarɓashin tsatsa. Kada ya cire har sai ya fito fari tas. Ka kuma tambaye shi daga ina ruwansa yake, don ruwan rijiya a bakin teku yakan zama zartsi, wanki da shi ƙarin gishiri ne.

Sayen injin feshin ruwa na gida ya dace da mai kifi da mai dabbobi, waɗanda ya kamata su ɗauraye mota duk ranar da suka yi lodi. Sai dai ka samu wurin da ruwan ba zai malala titi ba, kada baladiyya, hukumar gari, ta ci ka tara. Bar tazarar kamu ɗaya ko fiye tsakanin bakin bindigar da mota, kauce wa mahaɗar wayoyin lantarki da robobin da ke riƙe giris, kuma kada ka watsa ruwa a faifan birki yana da zafi. Bayan wanki a sa giris a farfela, ka ɗan zagaya kana taka birki har ya bushe.

Ga sauran mutane sau ɗaya a wata ya wadatar, da kuma duk ranar da mota ta taka bakin teku ko sabka (fadamar gishiri) ko ruwan ambaliya. Jidda ta san wannan: Nuwamban 2009, Janairun 2011, sai 24 ga Nuwamba 2022 da aka auna milimita 179 cikin sa'o'i shida a kudancin gari. Motar da ta ratsa irin wannan ruwa kada ta kwana biyu ba a wanke cikinta ba.

Sai feshi, inda kuɗi ke salwanta.

Fesa dizal ko tsohon baƙin mai bayan wanki al'ada ce da ta daɗe, kuma da wuya ka je magsala ba a yi maka tayinta ba. Ƙasan mota zai yi ƙyalli, ƙarar sifirin ta ɗauke na 'yan kwanaki. Amma dizal na kumbura roba ya lalata ta, ba ya daɗewa, tsohon mai kuma ɗauke yake da dattin inji. Idan ya taɓa birki ko ya zauna a kan salansa mai zafi, hatsari ne. Ban ba kowa shawarar wannan ba, ko kyauta ne.

Baƙin feshi mai kauri, na kwalta ko na roba, shi dillalai suka fi tallatawa ga mai sabuwar mota. A kan ƙarfe mai tsabta da ya bushe ƙayau yana aiki: yana tare tsakuwa, yana rage ƙara, ya dace da cikin kaskon taya. A kan tsatsa kuwa kamar ɗaure gyambo ne ba a wanke ba. Da ya tsufa zai tsage, ruwan gishiri ya shiga ta tsagar ya rasa mafita, ƙarfe na ci a ɓoye kai kana ganin baƙi mai kyau. Don haka idan ka je haraj, kasuwar tsofaffin motoci, ka ga tsohuwar mota da sabon baƙin feshi a ƙasa, yi hattara, kankare gefe ɗaya ka gani tukuna.

Ga motar da ta kwana biyu a hanya, ni feshi mai laushi na zaɓa. Akwai mai maiƙon ulun tumaki irin su Fluid Film, akwai kaki irin na Dinitrol da Tectyl. Ba sa bushewa su tsage, suna kutsawa tsakanin ganyen sifirin da inda ƙarfe ya hau ƙarfe, su raba shi da iska da danshi. Aibinsu a ƙasar rairayi a fili yake: mai maiƙon na kama ƙura, wankin matsi na cire shi, dole a sabunta kowace shekara. Kakin ya fi jurewa kuma ya fi rashin kama datti, shi ya fi dacewa da cikin shasi da cikin ƙofofi. Tambaya ɗaya za ta nuna maka ko shagon ya san aikinsa: "Malam, kuna da siririn tiyon da ake zurawa cikin shasi?" In babu, waje kawai za su shafe maka, inda cutar ba ta fi tsanani ba.

Inda tsatsa ta kama amma ƙarfe na da ƙwari, hanya ita ce buroshin ƙarfe, sai ruwan kashe tsatsa da ke mayar da ita baƙa, sai fentin shafin farko mai zink ko ifoksi, sai fenti, sannan kaki a kai. Yana cin kwana biyu ko uku saboda bushewa, ya fi duk sauran tsada, kuma ingancinsa a kankara yake. Je ka gani da idonka kafin a shafa komai.

Ƙaramin akwatin lantarki da ake haɗawa da batir wai yana hana tsatsa, bar shi. Dabarar na aiki a jirgin ruwa da bututun da aka binne, saboda ruwa ko jiƙaƙƙiyar ƙasa sun kewaye ƙarfen suna ɗaukar lantarkin. Mota a iska take, a kan taya. A 2015 hukumar kare masu saye ta Yammacin Ostireliya ta sa aka janye irin waɗannan na'urori daga kasuwa aka mayar wa mutane kuɗinsu.

Idan aljihu bai kai duka ba, fara da wankin wata-wata, ka ƙara kakin cikin shasi, a yi shi a watan Oktoba kafin ruwan Nuwamba, a kuma bar motar ta wuni ta bushe bayan wanki kafin a fesa.