Sulaimaniyya da Salimiyya: ina bambancinsu?

Wani ɗan'uwa a zauren nan ya yi tambaya: tunda Sinan, babban maginin sarakunan Turkawa, shi ne ya gina masallacin Sulaimaniyya na Istanbul da na Salimiyya na Edirne, duka a Turkiyya, kuma a hoto kamar an tsaga kara, ina suka bambanta?

Malam, duba abin da ke ɗauke da kubbar. Nauyin kubba ba ƙasa kaɗai yake sauka ba, yana tura bango waje ta ko'ina. In ba a tokare ta da kyau ba, sai ta tsage. Haka ta Aya Sofiya, tsohuwar cocin Istanbul da daga baya aka mayar masallaci, ta rufta a shekara ta 558, bayan girgizar ƙasa ta raunana ta.

A Sulaimaniyya, da aka gina wa Sarki Sulaiman daga 1550 zuwa 1557, kubbar tana da faɗin kimanin mita 26 da rabi, tsayinta daga daɓe mita 53. Ginshiƙai huɗu ne ƙatta suka ɗauke ta, ga rabin kubba biyu sun dafa mata, ɗaya ta alƙibla, ɗaya ta ƙofar shiga. Tsarin Aya Sofiya ke nan. Illarsa, ginshiƙan sun raba ɗakin, wanda ya samu sahu a bayansu ba ya hango mihirabi.

Wannan ne Sinan ya gyara a Salimiyya, wadda aka kammala wajen 1575 da sunan Sarki Salim na Biyu. Ya raba nauyin kan ginshiƙai takwas, ya matsar da su jikin bango. Tunda kowanne kaɗan yake ɗauka, ba a bukaci manyan rabin kubbar nan ba, bango kuma ya samu sararin tagogi jere bisa jere. Kubbar ta zarce mita 31 a faɗi, tsayinta kusan mita 43 ne. Ta fi faɗi, ba ta kai tsayi ba, kuma kusan duk jam'i a ƙarƙashinta yake. A ganina nan gwanintarsa ta cika, domin masallaci sahu yake bukata fiye da tsayi.

Hasumiyoyi huɗu-huɗu ne. Na Sulaimaniyya suna kusurwoyin farfajiya, biyu dogaye biyu gajeru, baranda goma jimilla. Na Salimiyya tsayinsu ɗaya, sama da mita 70, sun kewaye ɗakin sallar kansa. Biyu daga cikinsu suna da matakala uku-uku a ciki, ladanai uku su hau lokaci guda ba su haɗu ba.